Abin da Ya Tare Idon Inji

Rana ta sunkuya a bayan gonakin masarar da ke yamma da Kiru, hasken da ya rage a tsakar gidan Malam Ɗahiru ya koma ja-ja kamar ruwan goro. Hadari ya taru a gabas tun la'asar ya ƙi saukowa, iska ta ɗauke ɗif, ko ganyen darbejiya ba ya motsi. Salamatu, matar gidan, tana gaban murhu tana tuƙa tuwo. Ba abin da take ji sai kukan injin 'yarta Nusaiba daga ɗakin ƙurya. Ya yi ƙit, ƙit, ƙit, ya yi shiru, can ya sake.

Nusaiba ta koyi aikin sitika ne a Kano wurin yayanta Kamilu, shi ya haɗa ta da firinta da injin yanka da sola, ya ce ta koma gida ta riƙe kanta. Ta kuwa riƙe. Masu zoɓo da kunun aya, masu yogot na Bebeji, iyayen amare masu son hoton biki a jikin kofuna, duk gidan suke sallama. Aikin hawa biyu ne. Firinta ta buga zanen a kan takardar sitika, da baƙaƙen alamomi a kusurwoyinta huɗu. Sai a kai wa injin yanka, wanda ke da ɗan jan ido a ƙarƙashin kansa. Idon ya bi takardar a hankali yana neman alamomin, in ya gan su ya san inda zai sa wuƙa. In bai gan su ba sai ya tsaya ya yi ta kuka.

Da fari a zaure ta ajiye shi, amma hasken rana ya riƙa ƙyalli a kan takardar yana rikita idon. Kamilu ya ce ta nemi wuri mai inuwa. Shi ya sa ta share ɗakin ƙurya, wanda tun rasuwar kakar Malam Ɗahiru ba a sake kwana a ciki ba, sai tsofaffin tukwane da buhunan da suka mutu. A can injin ya yi aiki lafiya na ɗan lokaci. Daga baya ya fara makancewa, kuma ba ya yi sai rana ta yi sanyi.

Ba abin da yarinyar ba ta gwada ba. Ta goge idon da auduga. Ta ƙara wa alamomin baƙi da alƙalamin maka. Ta liƙa musu salatif marar ƙyalli, ta sake daidaita takardar a ƙarƙashin tayoyin da ke danne ta, ta sake bugawa da manyan alamomi. Ta kira Kamilu ta bidiyo ta nuna masa komai, ya duba ya duba, ya ce, "Ni dai ban ga kuskure ba. Sai ka ce wani abu ne ke tare masa ido."

A wannan maraicen Salamatu ta ɗaga murya ta ce, "Nusaiba, fito haka nan. Magariba ta kawo kai, ba a aiki da almuru."

"Umma, saura kaɗan. Mai zoɓon Bebeji da sassafe za ta aiko."

Haƙurin Nusaiba ne ya ƙare. Ta kashe neman alamar gaba ɗaya, ta saita wuƙar da hannunta a inda take zato, ta danna yanka. Kan injin ya zabura, wuƙar ta sauka.

Sai aka ji ƙarar yaro.

Siririyar ƙara ce, mai tsini, irin ta yaron da bai daɗe da fara tafiya ba, kuma daga cikin ɗakin ƙurya ta fito. Gidan ba ƙaramin yaro. Muciya ta suɓuce daga hannun Salamatu. Kajin da suka riga suka hau makwancinsu suka watse da kyarkyara. Nusaiba ta fito da baya da baya, takardar na hannunta. A tsakiyar hotunan kwalaben zoɓo akwai ɗigon wani abu baƙi mai kauri da ba tawada ba, yana tashin wari kamar ƙonannen gashi.

"Umma, kin ji?"

Kafin Salamatu ta amsa, dutse ya faɗo cikin tukunyar tuwo.

Malam Ɗahiru da ya dawo daga masallaci ya ce aikin yaran unguwa ne. Ya ɗauki tocila ya zagaya bayan katanga, bai tarar da kowa ba sai masara tsaye cik, ba sawu ko ɗaya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Yana dawowa wani dutsen ya sauka a gaban takalminsa. Ya sunkuya ya ɗauka, ya yi maza ya yar. Dutsen da ɗumi, kamar yanzu aka ciro shi daga hammatar mutum. Abin da ya fi tsaya wa Salamatu a rai shi ne yadda duwatsun ke zuwa. Ba jifa ba ne daga gefe. Daga sama suke saukowa, a miƙe, a hankali, kamar wani ne ke tsaye a kan gidan yana sako su ɗaya bayan ɗaya.

Suka shige ɗaki ɗaya su uku, suka tura ƙyaure, Malam Ɗahiru na karanta Ayatul Kursiyyu da muryar da ba ta fita sosai. Dutse ya faɗo a tsakiyar ɗakin, rufin kwano kuwa ba huda.

Daga ranar gidan ya sauya. Da hantsi komai lafiya, har mutum ya fara jin kunyar tsoron da ya ji jiya. Amma da inuwar katanga ta kai bakin rijiya, sai shiru ya sauko, tsuntsaye su bar darbejiyar, duwatsu su fara. Malam Ɗahiru ya sa kwaɗo a ɗakin ƙurya, ya cire wayar injin daga sola da hannunsa. Duk da haka, in duhu ya fara shiga, ana ganin ɗan jan haske ta ƙarƙashin ƙofar yana tafiya yana dawowa. Ana kuma jin muryar mace a ciki, ƙasa-ƙasa, tana rarrashin yaro da waƙar da ba wanda ya gane harshenta, yaron na shessheƙa. Maƙwabta da suka saba aiko yara ɗiban ruwa suka daina. Masu kawo aiki suka riƙa tsayawa a ƙofar gida su juya.

Nusaiba ta daina cin abinci sai an matsa mata. Manuniyar hannunta na dama, yatsan da ta danna injin da shi, ya lanƙwashe ya ƙi miƙewa. Takan zauna a bakin ɗakin uwarta, hannuwanta a naɗe a ƙirji kamar mai riƙe da jariri, tana jijjiga jikinta gaba da baya. In an kira sunanta sai ta juyo a makare, ta dubi mutum kamar baƙo.

Wata rana da azahar, rana tsaka, Salamatu ta fito daga banɗaki ta hangi kwaɗon ɗakin ƙurya a ƙasa, a buɗe. Nusaiba na ciki, durƙushe gaban wani turmi da aka kife. Ta ɗora lanƙwasasshen yatsan a kan gindin turmin, ɗaya hannun kuma riƙe da 'yar wuƙar injin, siririya kamar ƙaya, tana auna gaɓar.

Salamatu ba ta san lokacin da ta isa wurin ba. Ta kama wuyan hannun da hannu biyu, ta ji kamar ta kama reshen tsamiya. Yarinyar da ba ta iya ɗaga tulu ita kaɗai, ga uwarta ta rataya a hannunta ko gezau. Nusaiba ta juyo da fuska a hankali. Idanunta sun juye, sai fari. Bakinta ya buɗe, muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Sake ni, Salamatu. Ba da ke nake ba."

Salamatu ta ƙwalla salati har maƙwabta suka ji. Malam Ɗahiru ya shigo da gudu daga zaure, da ƙyar su biyu suka ɓamɓare wuƙar, yarinyar ta zube kamar tsumma. Bai tsaya neman hula ba, ya hau babur ya nufi Ɗansoshiya, inda wani tsohon malami mai suna Malam Dikko yake, wanda aka sani da ruƙiyya tun daga nan har Doguwa.

Sai bayan la'asar suka iso. Malam Dikko siriri ne, fari, gemunsa kamar auduga, Hausarsa da ɗan karin Fulatanci. Ba abin da ya riƙo sai carbi da ƙunshin ganyen magarya. Ya amsa gaisuwar Salamatu a natse, ya tambayi gida da gajiya kamar wanda ya zo suna. Sannan ya ce a nuna masa ɗakin. Ya yi sallama a bakin ƙofa, ya jira, kamar mai jiran a amsa, kafin ya shiga. Ya daɗe yana kallon injin.

"Wannan ɗan gilashin fa?"

"Idonsa ne, Allah ya gafarta Malam," in ji Salamatu daga waje. "Ja yake kawowa in yana aiki."

Malam ya gyaɗa kai.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kwantar da Nusaiba, aka lulluɓe ta da mayafi har ƙafa. Malam ya sa aka daka magaryar aka zuba a ƙwaryar ruwa. Ya dubi Salamatu ya ce, "Ki riƙe ƙafafunta. Duk abin da za ki ji, kada ki tanka. Ni zan yi magana da ita."

Ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Inuwar katanga ta yi ta jan jiki har ta kai bakin rijiya. Tsuntsaye suka tashi daga darbejiya gaba ɗaya. Dutse ya faɗo kusa da gwiwar Malam, wani ya bi, wani ya fasa bakin randa, bai ko ɗaga kai ba. Ƙafafun da ke hannun Salamatu suka yi sanyi, suka sandare, sannan suka fara karkarwa. Da ya kai tsakiyar Suratul Jinni sai jikin ya miƙe zaune a tashi ɗaya, mayafin ya zame.

"Ya isa, Dikko. Kana ƙona ni."

"Wa ke magana?"

"Mai ɗakin."

"Ɗakin na Malam Ɗahiru ne."

Aka yi wata dariya marar daɗi ta bakin Nusaiba. "Ina nan aka haƙa ƙasar da aka gina shi. Tsohuwar da ta kwana a ciki ta san da ni. Ba ta taɓa shiga ba sallama ba, ban taɓa taɓa mata ko tsinke ba."

"Musulma ce ke?"

"Na riga kakanka fuskantar alƙibla."

"To kin san abin da kike yi zalunci ne. Me yarinyar nan ta yi miki?"

Jikin ya fara jijjiga gaba da baya. Muryar ta sauko ƙasa. Ta ce tana da ɗa ƙarami, shi kaɗai ya rage mata. Tun da aka kawo injin yaron ya ƙwallafa rai a kan jan hasken nan. Da yamma in ya tashi barci sai ya hau teburin, ya riƙa bin hasken yana ɗora yatsa a kai, in injin ya yi kuka shi kuma ya yi ta dariya. Ta hana shi, bai hanu ba. Ranar nan yatsansa na kan takardar, yana jiran hasken ya zo kamar kullum, sai wuƙa ta zo a maimakonsa.

"Ta raba masa yatsa biyu. Yatsa nake so, Dikko. A ba ni nata in tafi."

Malam Ɗahiru, da ke tsaye riƙe da kafaɗun 'yarsa, ya runtse ido.

"Ba za a ba ki ba," in ji Malam Dikko. "Ba ta gan shi ba. Ku kuna ganinmu, mu ba ma ganinku. Wanda ke gani shi ke da alhakin janye ɗansa. Kuskure ne, kuma ba a yanke gaɓa a kan kuskure, a shari'arku da tamu."

"To idonta ɗaya."

"Ko gashin girarta."

"To in zauna a jikinta har ya warke."

"Ki fita yau, ko in ci gaba da karatu har ki ƙone. Kin san zan iya."

Ya ɗebi ruwan magarya ya watsa mata. Nusaiba ta yi wata ƙara da ta sa karnukan unguwa haushi, bayanta ya lanƙwashe, jini ya ɓullo ta hancinta. Duwatsu suka zubo a kan kwano kamar ƙanƙara. A cikin wannan hargitsin, daga ɗakin ƙurya, yaron ya fashe da kuka. Kuka ne na wanda ya gaji da kuka, muryar ta dushe, yana ja yana sarƙewa. Salamatu ta raini yara, ta binne biyu. Ta san wannan kukan. Bakinta ya riga hankalinta.

"Yaya jikin nasa?"

Malam ya juyo ya dube ta da sauri. Duwatsun suka tsaya cak. Fararen idanun nan suka sauka a kan Salamatu, suka daɗe, har ta ji gashin jikinta ya mimmiƙe, amma ba ta saki ƙafafun ba.

"Ba wanda ya tambaya," in ji muryar a hankali. "Sai ke."

"Yana cin abinci?"

"Ba ya ci. Ba ya barci. Hannun ya kumbura har gwiwa."

"Tawa ma ba ta ci," in ji Salamatu, hawaye na zuba. "Ki dube ta. In kin yanke mata yatsa, nasa zai haɗe ne? Ki yi wa Allah, baiwar Allah. Wallahi da ta gan shi da ba ta danna ba."

Duhu ya fara cin kusurwoyin gidan, daga nesa ladan ya soma gyaran murya a lasifika. Malam Dikko ya sunkuyar da kai yana jan carbi, ya daɗe, sannan ya ce a kawo masa sabuwar ƙwarya da ruwa mai kyau. Ya yi karatu a kai, ya tofa, ya miƙe da kansa ya kai bakin ɗakin ƙurya, ya yi sallama ya ajiye a ciki. Ya dawo ya zauna.

"Ga ruwa can. Ki wanke masa hannun, ki ba shi ya sha. Waraka ta Allah ce, ba ta ware mutum da aljan ba. Za a fitar da injin yau, ba za a sake kunna shi a ɗakin ba. Ke kuma ki yi rantsuwa ki bar yarinyar nan, ba ke ba ita har abada."

"Ɗakin ma na bar muku," in ji muryar. "Ba zai sake yarda ya kwana a ciki ba. Akwai 'yan'uwana a bakin ruwan Bagauda."

"Ki rantse."

Ta rantse da Wanda ya halicci mutum daga yumɓu, ya halicci aljanu daga harshen wuta. Malam ya ce ta fita ta inda ba za ta yi ɓarna ba. Hannun Nusaiba na dama ya ɗagu sama shi kaɗai, yana rawa. Lanƙwasasshen yatsan ya miƙe a hankali, har ya yi ƙas. Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta faɗi a jikin mahaifinta. Iska ta taso a karon farko tun da aka fara wannan abu, ta kaɗa darbejiya, ƙofar ɗakin ƙurya ta buɗe ta rufe, hadarin da ya daɗe yana taruwa ya saki ruwa.

A cikin ruwan suka kinkimi injin suka mai da shi zaure. Da gari ya waye Salamatu ta leƙa ɗakin ƙurya, ta tarar da ƙwaryar a kife, an wanke ta tas, ƙasan wurin a bushe.

Nusaiba ta yi kwanaki tana kwance, tana shan kunu da ruwan magarya, kafin ƙarfinta ya dawo. Kamilu ya zo daga Kano ya rataya baƙin labule a tagar zaure saboda ƙyallin rana, injin ya koma ganin alamominsa. Mai zoɓon Bebeji ta dawo, sauran ma suka biyo ta a hankali. Ba wanda ya tambayi yarinyar abin da ta tuna, ita ma ba ta ce ba, har kowa ya ɗauka ba ta san abin da ya faru ba.

Sai bayan an yi girbin masara, wata yamma suna zaune su biyu suna ɓare masarar, Nusaiba ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Umma, kin san inda nake duk kwanakin nan?"

Hannun Salamatu ya tsaya.

"Ina cikin ɗakin ƙurya. Da ta shiga jikina, ni ta bar wa ɗanta. A cinyata yake. Nauyi gare shi kamar dutsen niƙa, jikinsa zafi, ban ga fuskarsa ba don ya cusa ta a ƙirjina. Ni nake jijjiga shi." Ta juya masarar da ke hannunta. "Da kika tambayi jikinsa ya ji. Ya daina kuka ya ɗago kai, ya ce min wace ce wannan. Na ce Ummata ce."

"Sai ya ce me?" in ji Salamatu.

"Ya ce in ya girma zai zo ya gaishe ki."

Salamatu ta dubi tsakar gidan. Rana ta kusa faɗuwa, ba kowa sai su biyu da tarin totuwa. Ta tattara masarar cikin faranti, ta miƙe.

"Kada ki faɗa wa babanki," ta ce. "Tashi mu shiga ciki."